Burtalin da Aka Toshe a Kwamfuta

Hantsi bai daɗe da dubawa ba wani dattijo mai baƙin rawani ya shigo shagon da Rahinatu take aiki, a bayan babbar kasuwar Tawa. Shagon na buga takardu ne da fotokopi, kuma ita kaɗai ce a ciki a wannan lokacin. Dattijon ya miƙa mata wayarsa, ya ce a fitar masa da wani hoto a takarda, a yi masa da yawa don zai raba wa mutane.

Ta karɓi wayar ta duba.

Taswirar Tudun Aduwa ce, ƙauyen mahaifinta da ke can gefen Kalfu. Ga masallaci, ga rumbuna a jere, ga tafki a gabas, ga tsaunin baƙaƙen duwatsu a arewa. Ita ce ta zana ta da hannunta, kuma ba don kowa ta zana ta ba sai don wasa.

Tun farkon damina Rahinatu ta shiga koyon yin taswira ta wani wasan kwamfuta, irin wanda mai wasa yake tuƙa ɗan ƙaramin jarumi, ya shiga garuruwa, ya yi magana da mutane, a aike shi neman abu, ya yi faɗa da dodanni. Wasan yana da wani sashe da mutum zai gina nasa filin. Ana ba ka fili fanko mai ƙananan gidaje kamar na dara, kai kuma ka cika su: nan yashi, nan ciyawa, nan ruwa. Sai ka ɗora itatuwa da ɗakuna a kai, sannan ka nuna wa kwamfuta inda ƙafa za ta iya takawa da inda ba za ta iya ba. Ta sha wahala kafin ta gane. Jaruminta na farko ya yi ta tafiya a kan ruwa, daga baya kuma ya maƙale cikin rumbu ya kasa fita. Wata ɗaliba a Yamai mai suna Zuhura, wadda suka haɗu a gurup ɗin masu wannan wasa, ita ce take duba mata aikin tana gyara mata. Ita ce ta ce mata ta bar zana fadojin Turawa da ba ta taɓa gani ba, ta zana wurin da ta sani.

Da ta gama ƙauyen, Zuhura ta gwada ta ce akwai matsala. Burtali, wato hanyar da aka ware wa dabbobi tsakanin gonaki, ya miƙe sambal daga arewa har bakin tafki. Mai wasa sai ya bi shi da gudu ya isa ruwa bai haɗu da kowa ba. Ta ce a toshe shi, a karkatar da mai wasa ya zagaya ta bayan tsauni inda za a ajiye masa dodo. Rahinatu ta ɗebo hatsi ta shuka a wuyan burtalin har ya rufe. Sannan, tana dariya ita kaɗai, ta rubuta a kai da Faransanci cewa gonar Yunusu ce. Baba Yunusu ƙanin mahaifinta ne, kuma duk dangi sun san kowace shekara garmarsa tana ɗan lasar gefen burtali. Da ta fitar da hoton taswirar daga sama, sai ya fito tsaf, da layuka da kibiyar arewa da sunaye, kamar takardar ofis. Ta tura shi gurup ɗin ’yan’uwa mata ta ce su faɗi ko wane gari ne.

Yanzu ga shi a wayar mutumin da ba ta taɓa gani ba.

“Baba, ina kunka samu wanga hoto?” ta tambaye shi.

“Ke ba ki ji ba? Saurara.”

Ya danna wani saƙon murya. Wani namiji ne yake magana da sauri, rabi Hausa rabi Tamashek, harshen makiyayan yankin. Ya ce ga plan ɗin meri, wato taswirar ofishin ƙaramar hukuma, ya fito, an sayar wa wani Yunusu burtalin Tudun Aduwa, an ce masu dabbobi su zagaya ta bayan tsauni inda ko akuya ba ta iya bi. Ya ce duk mai shanu ya sani, in aka yi shiru a kan wannan, gobe tafkin za a sayar.

“Baba, wallahi ba na meri ba ne. Wasa ne. Ni ce na zana shi.”

Dattijon ya dube ta daga sama har ƙasa.

“Ɗiyata, in ba ki son bugawa ki hwaɗa mini. Kada ki yi mini wasa da hankali.”

Ya karɓe wayarsa ya fita. Ta leƙa ta ga ya nufi wani shagon da ke tsallaken titi.

Ta kira mahaifiyarta. Inna Ramla ’yar makiyaya ce, kuma yayanta Alƙasum yana can arewa da Tudun Aduwa da shanunsa, yana jiran a gama girbi a saki gonaki. Wayar ba ta gama ƙara ba Inna ta ɗauka, kamar dama tana riƙe da ita.

“Kawunki ya kira ni da sahe,” in ji ta. “Ko gaisuwa bai yi mini ba. Ya ce dangin mijina sun ci amana. Ɗansa Aghali ya rantse yau da la’asar za shi kora shanu ta tsohon burtali su sha ruwa, ko wa ya tsaya a gaba.”

“Inna, hoton nawa ne.”

Muryar Inna ta sauka ƙasa.

“Wannan abin da kike zama kina dannawa?”

“Shi ne.”

“Innalillahi. To ki kira su ki hwaɗa musu.”

Ta kira Kawu Alƙasum, ba a ɗauka ba. Ta kira ɗansa Aghali, taubashinta, wanda duk haɗuwarsu sai ya ce zai saye ta da ɗan maraƙi gurgu. Ya ɗauka, ya saurare ta na ɗan lokaci, ya ce, “Babanki Yunusu ya sa ki hwaɗi haka?” ya kashe. Baba Yunusu kuwa ba ya riƙe waya sai ranar kasuwa.

Ta duba batirin kwamfutarta. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun asuba, abin da ya rage bai kai rabi ba. Ta naɗe ta cikin zane, ta saka a jaka, ta rufe shagon ba tare da ta nemi izinin mai shi ba. A bakin tasha ta sami mai kabu-kabu da ya yarda ya kai ta har ƙauyen.

Hanyar ta yi mata tsawo. Bayan sun sauka daga kwalta, babur ya riƙa tsalle a kan tsakuwa, ita kuma ta rungume jakar a ƙirji don kada ta bugu. Hagu da dama hatsi ne, wani an yanke an ɗaure dammuna, wani yana tsaye da zangarniyarsa. A wani kwari suka wuce samari suna tafiya a ƙafa su ma ta wajen Tudun Aduwa, kowa da sanda, ɗaya da gatari a kafaɗa. Ba gona suka nufa ba. Mai babur ya waiwayo ya ce, “Lahiya dai garin nan?”

An sauko daga sallar azahar suka isa. Ƙofar gidan mai gari cike take da maza. Baba Yunusu yana tsaye a tsakiya yana rantsuwa cewa bai taɓa taka meri ba a kan maganar gona, amma duk wanda ya saka masa saniya a hatsi zai gane kurensa. A gefe guda, a kan buzun fata, Kawu Alƙasum yana zaune ya ja rawani har hanci, mai gari ne ya aika aka kira shi. Aghali yana tsaye a bayansa da takobi a rataye. Tsakanin ɓangarorin biyu an bar fili kamar an share shi.

Rahinatu ba ta taɓa shiga taron maza ba. Ta tsaya a bakin filin ta yi sallama, ba wanda ya ji. Ta sake yi da ƙarfi, sannan ta durƙusa.

“Ranka ya daɗe, ni ce ɗiyar marigayi Rashidu. Hoton da ake magana, ni na yi shi.”

Kowa ya juyo ya dube ta. Mai gari tsoho ne mai rawar hannu, ya ɗan sunkuyo don ya ji da kyau.

“Ke kika yi shi? A meri kike aiki?”

“A’a. Wasa ne na kwamfuta. Ku ba ni dama in nuna muku.”

Da ta buɗe kwamfutar, hasken rana ya hana a ga komai. Aka ce a shiga zaure. Zauren bai ɗauki kowa ba, sai mai gari da Baba Yunusu da Kawu Alƙasum da Aghali da wasu dattawa, sauran suka cika ƙofa suka tare iska. Ta ajiye kwamfutar a kan wani turmi da aka kifa.

Taswirar ta fito. Wani ya ce, “Ita ce.”

“Ku duba,” in ji ta. “Ba ƙasa ba ce ta gaske. Komi ina iya canza shi.”

Ta ɗauke tafkin daga gabas ta ajiye shi a yamma. Ta share rumbuna ta dasa dabino a wurinsu. Ta ɗaga kai tana tsammanin za a yi dariya, sai ta ga fuskoki sun ƙara ɗaurewa.

“Kun gani?” Aghali ya ce, bai ko dube ta ba. “Haka ake yi. Da yatsa guda ake ɗauke wa mutane ruwa. Wa ya ba ki aikin?”

“Ba wanda ya ba ni.”

“To don mi sunan babanki ne a kan burtali, ba sunan wani ba?”

Daga ƙofa aka fara hayaniya. Wani saurayi ya ce a fito da ita waje kowa ya ji, wani ya ce Aghali ya iya bakinsa a zauren mai gari. A kusurwar allon, alamar batir ta koma ja.

Ta mayar da tafkin wurinsa, ta danna wurin fara wasa. Allon ya yi duhu, sannan kiɗan wasan ya tashi, wani siririn kiɗa kamar na sarewar yara. Ɗan jarumin ya bayyana a ƙofar masallaci, da ƙaton kai da jar riga da takobin da ya fi shi tsawo. Ta tura kwamfutar gaban Aghali.

“Taɓa nan, shi yi gaba. Nan kuma shi juya.”

“Ba ni taɓawa.”

“Taɓa,” in ji Kawu Alƙasum. Wannan ce kalmarsa ta farko tun da ta iso.

Aghali ya tsuguna, takobinsa ya bugi ƙasa. Ya sa yatsa ya danna da ƙarfi kamar zai huda maɓallin. Jarumin ya ruga ya yi karo da bango. Ya sake dannawa, jarumin ya juya ya bi tsakanin rumbuna, wata ’yar tsohuwa ta tare shi, rubutu ya fito a ƙasa. Rahinatu ta karanta musu: tsohuwar tana cewa kunama ta hana ta ɗibar ruwa, a taimake ta. Aghali ya kai jarumin arewa, inda ya san burtali yake, ya juyo da shi kudu. Jarumin ya zo wuyan burtalin ya tsaya cik a gaban hatsi, ƙafafunsa suna motsi amma ba ya gaba.

“Dole ka zagaya ta bayan tsauni,” in ji ta. “Don haka na toshe shi.”

Ya zagaya. Yana shan kwanar duwatsun, wata kunama shuɗiya da ta fi rumbu girma ta faɗo daga sama da ƙara. Aghali ya janye hannunsa da sauri har ya kusa zama a ƙasa. Wani dattijo ya ce, “A’uzubillahi!” Kunamar ta sari jarumin, ya faɗi, taurari suka riƙa zagaya kansa.

Wani a bakin ƙofa ya tuntsire da dariya, ya yi saurin rufe baki. Mai gari ya matso da fuskarsa dab da allon.

“Wagga kunama, ita ma meri ta aiko ta?”

Wannan karon mutane da dama suka yi dariya. Maganar ta fita waje daga baki zuwa baki, ana cewa wasan yara ne, akwai kunama shuɗiya a ciki. Ana cikin haka allon ya mutu.

Rahinatu ta sauke numfashi. Amma Kawu Alƙasum bai yi dariya ba. Ya sassauta rawaninsa daga baki, ya dube ta.

“Na yarda wasa ne. Amma ba ki amsa tambayar Aghali ba, ɗiyar ƙanwata. Gonaki da yawa suna bakin burtali. Don mi sunan Yunusu?”

Baba Yunusu yana kallonta, shi ne ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, shi ne kuma yake aiko musu da hatsi duk kaka tun rasuwar mahaifinta. Tana iya cewa sunan ne kawai ya zo mata. Ta buɗe baki don ta faɗi haka, sai ta ji daga nesa, ta arewa, kukan shanu da muryar masu kora su. La’asar ta kusa.

“Na sa sunansa don gonarsa ta shiga burtali,” ta ce, idonta a ƙasa. “Ba kamar yadda na zana ba. Kaɗan. Amma ta shiga.”

“Ke!” Baba Yunusu ya daka mata tsawa. “Ni kike hwaɗa wa haka a gaban mutane?”

Mai gari ya ɗaga hannu. Ya nemi sandarsa, aka miƙa masa, ya tashi da ƙyar.

“Ba mu gardama a zaure kan abin da ido ke iya gani. Mu tahi.”

Gari duka ya bi shi. Rahinatu tana can baya, rungume da jakarta, ba wanda ya yi mata magana. A wuyan burtalin, turakun siminti da aka kafa tun shekarun baya suna nan a jere ta gefen yamma. Ta gefen gabas kuwa, sai da aka kutsa cikin hatsin Baba Yunusu kafin a ga turke, ɗaya a tsaye, wani a kwance an rufe shi da kara. Hanyar da ta rage ba za ta ɗauki garke ba sai shanu sun taka shuka.

Shanun sun riga sun bayyana a kan tudu, ƙahoninsu suna ƙyalli, sun ji ƙanshin ruwa suna turo juna. Samarin gari suka ja layi a bakin gonar da sandunansu. Aghali ya sa hannu a kan takobinsa. Rahinatu ta ga wani yaro makiyayi yana ta dukan na gaba don ya tsayar da su, suna ƙin tsayawa.

Kawu Alƙasum ya juya ya yi wa ɗansa magana da Tamashek, gajeriya, mai kaifi. Aghali ya tsaya kamar bai ji ba. Uban ya maimaita. Sai Aghali ya saki takobin, ya ruga ya hau tudun yana ihu yana kaɗa hannu, shi da sauran makiyayan suka tare kan garken suka juya shi gefe.

“Za su riƙe su, amma ba da daɗewa ba,” Kawu Alƙasum ya ce wa mai gari.

Mai gari ya nuna hatsin da ke tsakanin turakun da hanya.

“Hatsin ya nuna, ya isa yanka. Yunusu, hatsinka ne, ba mai taɓa maka zangarniya guda. Amma yanzu za a yanke shi. Ku da kunka zo da sanduna, ku aje su ku ɗauko wuƙaƙe.”

Baba Yunusu ya tsaya yana huci. Ya dubi samarin, ya dubi tudun. Daga ƙarshe ya karɓi wuƙa daga hannun wani, ya shiga ya fara yanka da kansa. Sauran suka bi shi. Mata suka fito da tabarmi suna kwashe zangarniya, wasu suna sare kara suna jefawa gefe. Rahinatu ta ajiye jakarta a gindin aduwa ta shiga kwasa. Da ta kai hannu kusa da inda Baba Yunusu yake, sai ya matsa gaba.

Rana ta yi sanyi kafin a gama. Aka ɗaga turken da ke kwance aka kafa shi. Shanun suka sauko a hankali, makiyaya a gefe da gefe, suka wuce tsakanin turakun zuwa tafki, mutanen gari suna tsaye suna kallo.

Mai gari ya sa aka kawo waya, ya ce Rahinatu ta faɗi sunanta da na mahaifinta, ta bayyana yadda hoton ya samu, shi ma ya ƙara nasa a kai, Kawu Alƙasum ya maimaita da Tamashek. Aka tura saƙon duk inda aka san na farko ya je.

Kafin ta hau babur ta je yi wa Baba Yunusu sallama. Yana zaune a kan dami yana goge wuƙa da gefen rigarsa. Ta durƙusa ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, zan koma.” Ya ci gaba da gugar wuƙar. Ta daɗe a durƙushe, sannan ta tashi.

A wannan kakar hatsi bai zo musu daga ƙauye ba. Inna Ramla ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai dai ta fara sayar da ƙosai da safe a ƙofar gida. Rahinatu ta yi makonni ba ta buɗe wasan ba. Da Zuhura ta dame ta da tambaya, sai ta fara wani sabon gari a bakin wani kogi da babu shi a ko’ina, ta ba mutanensa sunayen da ba na kowa ba.

Da ƙaramar salla ta zo, Inna ta ce su shirya su je gaisuwa. Suka tarar da Baba Yunusu a ƙofar gida. Ya amsa wa Inna gaisuwarta har da tambayar mutanen Tawa. Da Rahinatu ta gaishe shi, ya dubi hanya, sannan ya ce, “Lahiya,” ya kira matarsa ta kawo musu ruwa.